Ranar da Na Je wa Kansila da Sanda

Ina shiga zauren taro na doshi Kansila Mokoena da sandata.

"Tun Yuni, farkon hunturunmu na nan, taransifomar layinmu ta ƙone. Wasu ana ɗauke musu wuta a kawo, mu ko ta ɗaukewa ba mu da ita. Maigidana na kwance yana tari, ruwan bokiti ya daskare a ɗakinmu."

Ya ce, "Gogo," wato kaka, "zauna tukuna, yau ranar murna ce."

"Murnar uwar wa?"

Suka ajiye ni kusa da hitar ɗumama ɗaki. Na zauna, don ƙasusuwana sun fi ni son sulhu. Wani mai kwat ya yi ta wa'azin a yi tsimin lantarki saboda ƙasa.

Sai na ji sunana a lasifika.

"Gogo Thokozile Sithebe, gidan da ya fi kowanne tsimin wuta bana. Mitarta ko motsi ba ta yi ba."

Aka tafa. Kansila ya miƙo min kwali yana yi wa mai hoto murmushi.

Bargo ne mai laushi. Har na fara hucewa, sai na ga wayar lantarki tana reto a gefensa, ashe sai an jona shi da wuta yake ɗumi.

Na ce, "Ɗana, a hancinka zan jona shi?"