Mai Barkwancin da Ya Faɗo Daga Jirgin Ƙasa

Ɗan'uwa, tunda abin da aka yi maka a wurin aiki ya hana ka sakat, gyara zama ka ji wannan. A can Amurka, zamanin da majigi bai fara magana ba, an yi wani mai barkwanci. Shi ke ƙago labari, shi ke nuna wa 'yan wasa inda za su tsaya, shi ne kuma ke faɗowa daga tsani don jama'a su yi dariya. Mai kamfanin da yake wa aiki kuwa, ko katanga bai taɓa hawa ba. Wata rana mai kamfani ya dage sai mutumin nan ya yi tsalle daga rufin jirgin ƙasa yana gudu, ya dira cikin amalanken ciyawa. Mai barkwanci ya ce iska ta yi yawa, a bari sai gobe. Mai kamfani ya ce in tsoro yake ji, ga masu neman gurbinsa can a bakin ƙofa. Bawan Allah ya tuna matarsa da 'ya'yansa uku, ya hau. Iska ta kwashe shi, ya kuskure ciyawar, ya daki tsakuwa, ƙugunsa ya karye. Mai ɗaukar hoto zai tsaya, mai kamfani ya daka masa tsawa: "Ci gaba da ɗauka!"

Wata bakwai yana kwance, ko sannu ba a aiko masa ba. Ran da ya iya takawa da sanda, ya dogara zuwa gidan majigi. Ya tarar an kankare sunansa daga allon talla, an rubuta na mai kamfani, wai shi ya shirya wasan. Mai gadi ma bai gane shi ba saboda rama, sai da ya yanki tikiti kamar kowa. Ya zauna can baya, ya ga kansa yana faɗowa, ya ji ɗaki ya kece da dariya daidai inda ƙashinsa ya ɓalle. Da aka gama, mai kamfani ya miƙe a sahun gaba ana tafa masa, yana sunkuyar da kai, wai shi mai tawali'u. Kai, wannan rashin kunya da me ya yi kama! Gurgun nan bai sake tsayawa gaban na'urar hoto ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Gaskiyar Hausawa da suka ce: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.