Baƙin Babur ɗin Malam Jafaru

Ranar Litinin Muntaka dillali ya zagaya baƙin babur ɗin sau biyu, ya ƙwanƙwasa tanki, ya ce ya karɓa. Jafaru zai kawo shi Safana ranar Alhamis, ya yi ciko, ya hau sabuwar Honda. Suka yi musafaha a kan haka.

Ranar Alhamis Muntaka ya ƙi haɗa ido da shi.

"Malam, na fasa."

"Me ya faru?"

"Babu komai. Kasuwa ce."

Ya sunkuya yana gyara zaman wata ƙwaryar man shanu a ƙarƙashin bencinsa, ko da yake zaune take daidai.

Shekara goma sha huɗu ke nan Jafaru yana kan wannan babur. Ya saye shi a hannun wani Baturen dabbobi da zai koma gida bayan samun 'yancin kai, kuma a kansa ya yi wa shanun ƙasar Batsari da Safana allura. Ƙirar Ingila ne, mai nauyi, kukansa kamar mata biyu suna daka a turmi ɗaya. Amma ya tsufa. Sau uku cikin wata guda ya mutu a burtali, maganin allura ya lalace a rana.

Shugaban ofis bai ɓoye masa ba. Idan allurar bana ta zo bai sake abin hawa ba, za a ba wani yankinsa, shi kuma a mai da shi Kaduna, bakin tebur. Saura kwana goma sha biyu. In ba a karɓi tsohon ba, abin da ke hannunsa ba zai kai shi ga sabo ba.

Kowa ya san mai son yankin. Armaya'u ne, abokin aikinsa, wanda ya sayi tasa Honda tun da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka shigo. Shi Jafaru da bakinsa ya faɗa masa zancen musayar. Da ya koma ofis ranar Juma'a, Armaya'u ya ɗago kai daga jarida.

"Ɗan Fulani, ina amaryar? Ko har yanzu tsohuwar ce?"

Jafaru ya yi murmushi, ya wuce.

A karo na biyu bai ce wa kowa komai a ofis ba. Ya je wurin Haliru bakanike a Batsari, suka daidaita, aka sa ranar Talata. Kashegari ya bi hanyarsa ta kullum, ta gefen rugar danginsa kusa da Wagini, inda aka ɗauke shi aka kai makaranta yana shekara bakwai. Ba ya shiga sai da salla, ko a lokacin ma gaisuwar daga bayan zana ce. A bakin hanya yake tsayawa, ƙanwarsa Bara'atu ta miƙo masa nono a ludayi. Ta tambaye shi sabon babur, ya ba ta labari a taƙaice kamar yadda ya yi a karon farko, ya tafi.

Ranar Talata Haliru ma ya fasa. Ya ce injin ya sha wuya, injin da shi da kansa ya yaba kwana uku da suka wuce.

Jafaru ya tsaya a ƙofar garejin yana duban gidan da ke tsallaken titi. Gidan surukan Armaya'u ne.

Daga nan ya fara lura. Ya ga Armaya'u ya fito daga ofishin shugaba yana dariya. Ya ga ya shimfiɗa taswirar yankin a kan teburinsa, ya naɗe ta da ya ji motsi. Ya ji yana tambayar masinja sunayen arɗoɗin Darini, a yankin Jafaru. Shekara tara suna cin abinci a kwano ɗaya, yanzu Jafaru ya koma cin nasa a gindin bishiyar bedi.

Da saura kwana uku, ya rubuta takardar ƙara, shafi biyu, da rubutunsa mai tsabta. Abin da ya rage shaida. Ya nufi Safana, babur ɗin ya mutu sau ɗaya a hanya, ya tura shi har rumfar Muntaka.

"Ga suna nan. Ko ka sa hannu cewa shi ya hana ka, ko mu haɗu gaban alƙali ka dafa Alƙur'ani."

Muntaka ya sa aka karanta masa. Ya girgiza kai.

"Wallahi, Malam, ban taɓa magana da wannan mutumin ba. Kada ka ɗauki alhakinsa."

"To wane ne?"

Dillalin ya mayar masa da takardar.

"Na yi alkawari, amma rantsuwa ta fi ƙarfina. Wata tsohuwa ce, Bafillatana. Da ƙafa ta zo, ta durƙusa a nan inda kake tsaye, sa'ar uwata, ta haɗa ni da Allah kada in karɓa. Ta ce yanzu babura goma ke wuce rugarsu kafin azahar, duk kukansu ɗaya. Wannan kaɗai take ganewa daga cikin bukka, in ta ji shi ta san mai shi ya kwana lafiya."

Dillalin ya ci gaba.

"Na ce, Inna, babura da yawa ake kawo mini, ki faɗi sunan mai shi. Sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, 'Ina ka taɓa jin uwa ta kama sunan ɗanta na fari?'"