Wanda Ya Harbe Lasifikar Darga

Darga Sodnom yana tsakiyar baiti na biyu lasifikar ta yi tari, ta mutu.

Sodnom shi ne shugaban gundumarmu, wanda muke kira Darga, wato shugaba, kuma tun da ya dawo daga Ulaanbaatar, babban birnin ƙasarmu, da lasifika ya ɗaure ta a kan falwaya, ba wanda ya sake yin barcin safe. Da farko sanarwar allurar dabbobi yake yi. Daga baya ya gano yana da murya. Kullum waƙa ɗaya ce, wadda ya tsara wa mahaifiyarsa, Inna Dulmaa, har da sunanta a amshi. Raƙuma kan juya baya idan ya fara.

Harsashi ne ya shiga tsakiyar lasifikar daidai. Daga kan duwatsun arewa aka yi harbin, nisan da ko ɗan sandanmu Nergui sai da ya cire hula ya sosa kai. A can Darga ya tsinci wani ƙarfe kamar babban yatsa, mai ramuka a gefe, irin wanda maharba ke murɗawa a bakin bindiga don ya rage mata naushi a kafaɗa. Ya kwance ne ya faɗi cikin ciyawa.

"Kowane ƙarfe da tiredinsa, haƙoran da ake murɗa shi a kai," in ji Darga, yana ɗaga shi sama kamar lambar yabo. "Bakin da ya shiga, mai shi ya yi ban kwana da bindiga har abada."

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Sanyi ya kusa, kyarketai sun fara saukowa. Makiyayin da ba shi da bindiga, kafin ƙanƙara ta narke tumakinsa sun zama labari.

Darga da Nergui suka shiga tsohuwar jif suna bin tantunan makiyaya. A kowane gida a ba su shayin madara mai gishiri, a fito da bindiga, Nergui ya gwada. Wata bakinta ya yi kauri, wata ƙarfen ya zurma yana lilo, wata ma sumul take, ba tiredi ko ɗaya. Sai da suka wahala kafin Nergui ya lura ƙarfen hagu yake murɗuwa, irin na tsofaffin bindigogin Rasha. Dole suka koma gidajen da suka wuce, suka sake shan shayi. Shayi ya matsa wa Darga, ya riƙa tsayar da mota a bayan kowane tudu don ya yi fitsari.

A ƙarshe suka isa wurin Jamts, mutumin da ya taɓa rantsuwa a bainar jama'a, cikin maye, cewa sai ya cusa wa Darga lasifikar a inda rana ba ta haskawa. Matarsa ta tsaya a bakin ƙofa da jariri a hannu.

Nergui ya ɗora ƙarfen a bakin bindigar Jamts, ya murɗa hagu. Ya kama. Ya ƙara murɗawa, ya shiga kaɗan. Sai ya cije.

"Ya shiga!" Darga ya yi tsalle.

"Ya cije, ranka ya daɗe."

"Tsatsa ce. Ɗauko sifana a mota."

"Da sifana ai ko a hancinka zai shiga, Darga," in ji Jamts. "Dube ni. Ni da na harbi kyarkeci na sami tayar babur ɗina? Wallahi na so a ce ni ne. Wanda ya yi harbin nan gwani ne, irin na da."

Darga ya ɗauko sifanar da kansa. Nergui ya dubi matar, ya dubi tumakin da ke bayan tanti, ya kwance ƙarfen ya jefa a aljihu.

"Haƙoran ba ɗaya ba ne," in ji Nergui. "Idan ka matsa, ka lalata shaida, ni kuma sai in rubuta cewa kai ka lalata."

Darga ya kira shi ɗan akuya mai kaki, ya yi alkawarin mayar da shi gadin rijiya a hamada. Amma ya ajiye sifanar.

Bindigogin gunduma sun ƙare. A hanyar komawa Darga ya yanke hukuncin cewa 'yan adawa ne suka yo hayar maharbi daga birni, saboda hassada. Ya ce su biya ta wurin mahaifiyarsa a gindin tudu, don tun da abin ya faru bai je ya yi mata jaje ba.

Tsohuwar ta tarbe su da busasshen cuku da wani shayin. Ta saurari ɗanta har ya gama, tana gyaɗa kai.

"Kada ki damu, Inna," ya ce, ya dafa hannunta. "Na aika a sayo sabuwa, mai ƙarfi ninki biyu. Har nan za ki riƙa jin sunanki kamar a kunnenki nake."

Shayi ya sake matsa masa, ya fita da sauri.

Nergui ya ciro ƙarfen ya ajiye kusa da kofinsa, yana tunanin rijiyar hamada. Inna Dulmaa ta leƙa ƙofa. Sannan ta sunkuya, ta jawo wani dogon abu naɗe da bargo daga ƙarƙashin gado, ta buɗe bakin bindigar da ke ciki, ta ɗauki ƙarfen ta murɗa shi hagu, sulɓi, har ƙarshe.

"Yarona," ta ce, "ranar da za a ɗaura sabuwar ka faɗa mini da wuri, don idanuna ba kamar da ba, sai na ɗan matso kusa."