Lafiya Lau

Ya dawo daga jami'a a Gubi kansa a ɗaure. Aikinsa tattara binciken da ake wallafawa kan ciwon damuwa mai tsanani. Na ƙasashen waje kullum ƙaruwa yake, na gida kuwa da ƙyar ya tsinci kaɗan.

"Na rasa gane wannan abu," ya ce wa matarsa, idonsa kan kwamfuta. "Ko mu cutar ba ta kama mu ne?"



"Maman Yagana, lafiya?"

"Lafiya lau."

Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da nema. Tana kwance inda ya bar ta da safe, fuskarta ga bango, kununta ya huce, labulen da ta saki tun ranar suna har yau ba ta ɗaga ba.