Ramin da Ke Jikin Allo

Da aka yaye jan ƙyallen da ya rufe allon, kowa ya tafa, ban da tsohon mai gonar shayi, wanda bana bai ji kukan tsuntsun ba.

Shekara uku malamai biyu daga birni suna rigima a kan ɗan tsuntsun nan mai cafke ƙuda a iska. Ɗaya ya ce irin na tsibiri ne. Ɗayan ya ce a dutsen nan kaɗai ake samunsa, don fiffikensa ya ɗara da tsawon ƙwayar shinkafa. Na biyun ya yi nasara. Mai gari ya sa a nemo katako mafi kyau, aka rubuta sabon sunan da ruwan zinari.

"Kaka, kai mu wurin sheƙarsa," in ji malamin da ya yi nasara, yana gyara kyamara. "Baƙi na jira."

"Ai kun iso, Malam."

"Haba Kaka, ban da wasa!"

Tsohon ya tako, ya zura yatsa a wani ramin da kafinta ya kasa toshewa, tsakanin harafi na biyu da na uku. Ya zaro busasshiyar ciyawa da ɗan gashin tsuntsu.

"Nan yake ƙwai duk bazara," ya ce. "Bara bishiya ce."