Ajin Ƙarfe Biyu

Alli ya ƙare tun ranar Litinin, don haka Malam ya lalubo guntun da ya faɗa bayan allo, ya rubuta kan darasin: yadda ake rubuta wasiƙa da Turanci.

Su goma sha ɗaya ne a ajin, duk masu shirin jarrabawar kammala sakandare. Gobe Turanci, jibi adabi. Sun zauna cikin kakinsu da ya sha guga, takalma sai ƙyalli, benci ya yi musu kaɗan har gwiwoyinsu na dukan tebur.

Wata tara ke nan yana koyar da su, kullum daga ƙarfe biyu zuwa huɗu. Sauran yinin ba shi da abokin hira. Da safe yakan zauna bakin gado da littattafan adabi uku na jarrabawar, yana karanta waƙoƙin a fili, ba don bai haddace su ba, sai don ya ji muryar mutum a ɗakin.

Dogo ne ya fi ba shi wahala. Sau biyu yana faɗuwa Turanci, kuma in ya sake bana, na bayansa za su tsallake shi. In aka ce ya yi bayanin baiti, sai ya sosa ƙeya ya ce, "Malam, shi mawaƙin nan me ya hana shi faɗin abin da ke ransa kai tsaye, kowa ya huta?" Aji ya kwashe da dariya, har Malam ɗin, wanda dariya ta daɗe da yi masa nisa.

Yau Malam ya ce kowa ya rubuta wa mahaifinsa da ya daɗe bai gani ba. Da suka gama, ya nuna Dogo.

Dogo ya miƙe, ya karanta a hankali, yana bin layi da yatsa. Turancin mai sauƙi ne. A ciki ɗan yana cewa ba mantuwa ce ta hana shi zuwa ba, rasa abin da zai ce ya yi in sun haɗa ido.

Malam ya juya yana goge allon da ya riga ya goge. 'Ya ɗaya gare shi, ita ma bana take kammala sakandare a wani gari. Wasiƙa goma sha huɗu ya aika mata, kowace da sharhin littattafan da za a tambaye su. Ko ɗaya ba ta amsa ba. Rabonsa da ganinta shekara shida.

"Babu kuskure ko ɗaya," in ji shi, bai waiwayo ba.

Ƙarfe huɗu ta buga. Suka taso ɗaya bayan ɗaya suna ba shi hannu, abin da ba su taɓa yi ba. Daga gobe babu aji.

Dogo ya tsaya, ya kwashe masa littattafan. Suka bi doguwar baranda, Malam a gaba, shi a baya.

"Na leƙa ofis da kaina, Malam. Yau ma babu wasiƙa."

"Ba komai. Kai dai ka karanta tambaya sau biyu kafin ka ɗora biro."

"In na ci, kai zan fara gaya wa."

"Ai ka san inda za ka same ni."

A bakin ƙofa Dogo ya miƙa masa littattafan da hannu biyu. Ya daɗe a tsaye yana kallon ƙasa, kamar wanda aka yi wa tambaya kan baitin da bai gane ba.

"A yi haƙuri, Malam," ya ce a hankali. Sannan ya zaro makullai daga ɗamararsa, ya ja ƙofar ƙarfen, ya kulle malaminsa kamar yadda kowane gandiroba yake kulle fursuna.