Sakata Ta Ciki

Shekara tara mijinta yana danna mata kwaɗo ta waje in zai fita. Da ta samu takardar sakinta ta kama ɗaki, kafintan layin ya zo sa ƙofa. Aikin awa ɗaya, bawan Allah ya yi kwana uku yana aune-aune.

"Malam, ƙofar ce ta gagara, ko bakinka?"

Ya sunkuyar da kai. "Aurenki nake so."

Ta fara dariya, sai iska ta bugo ƙofar, garam! Dariyarta ta ɗauke, hannunta ya tashi ya kare fuska.

Ya gani. Ya kwance mariƙin kwaɗon da ya kafa a waje, ya ɗaura sakata ta ciki, ya fita.

Ta kulle. Ta daɗe tsaye, sannan ta buɗe kaɗan.

"Ka dawo gobe. Amma ka ƙwanƙwasa."